Maɗauran da Mijinyawa Ya Kakkarya

Ranar da aka fara gaya mini cewa wani baduku ɗan Kano ya rasa aikinsa a Dubai saboda maɗaurin allon sulu, ban ba shi gaskiya ba. Na yi karatu a ƙasar da dusar ƙanƙara take wata biyar a ƙasa, na kuma ga allunan nan a ƙafafun abokan karatuna shekara da shekaru, maɗauransu ko gezau. Na ce robar da ta jure wancan sanyin ba za ta karye a hannun mutum haka kawai ba. Na ɗauka sakaci ya yi, yake neman inda zai jingina laifin. Da na same shi a unguwar Al Muraqqabat, a ɗakin da suke kwana su shida, bai tsaya gardama da ni ba. Ya zaro wani guntun maɗauri daga aljihu, baƙi, yana sheƙi kamar jiya aka ƙera shi, ya ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa, ya rabe gida biyu a hannuna.

Sunan mutumin Mijinyawa. A dukanci ya tashi, a rumfar mahaifinsa da ke Ƙofar Wambai, inda ya koyi yanka fata tun bai iya rubuta sunansa ba. Mahaifin yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa: duk fatar da ta shigo rumfa sai an naɗe ta biyu an duba fuskarta. In ta yi fari a wurin naɗin, ko ta tsattsage, a mayar wa mai ita ko da ɗan'uwa ne. Takalmin da ya gamsu da shi kuwa, sai ya yi masa ɗinki uku da jan zare a gefen dunduniya. Mutane kan juya takalmi su nemi jan zaren nan kafin su tambayi komai.

Da takalman roba suka cika kasuwa, rumfar ta yi sanyi. Mijinyawa yana da mata da 'ya'ya huɗu, shekarunsa sun kai arba'in. Alhaji Zailani ne ya fitar da shi. Ɗan unguwarsu ne, yana harkar aika kayan 'yan kasuwa a unguwar Deira ta Dubai, yana kuma da sito a Ras Al Khor, bayan gari. Shi ya samo masa biza a wani kamfani mai kai baƙi yawon buɗe ido cikin hamada, waɗanda suke neman mai ɗinka sirdin raƙuma da matasan zama na tanti. Shi ya tarbe shi a filin jirgi, shi ya saya masa katin jirgin ƙasa na farko. Mijinyawa bai taɓa mantawa ba, Alhaji ma bai taɓa barin ya manta ba.

Wata biyu da fara aiki aka tura masa alluna. Tsayin kowanne ya kai haɓarsa. Don dusar ƙanƙara aka yi su, amma a nan kan tudun yashi ake sulu da su: baƙo ya hau ƙololuwar tudu, a ɗaure masa ƙafafu biyu a jikin allon, ya gangaro a tsaye. Kowace ƙafa tana da mazauninta da aka ɗaure da sukuru, kowane mazauni yana da maɗauri biyu, ɗaya a idon sawu, ɗaya a kan yatsu. Maɗaurin roba ne mai haƙora a jere, sai wani makulli na ƙarfe da yake cizon haƙoran in an ja.

Mijinyawa ya dube su da idon baduku. Abin da ya bushe mai yake so, haka ya sani. Ya shafe makullan gaba ɗaya da mai. Cikin mako guda yashi ya manne a man ya zama kamar magagari, ya cinye haƙoran. Kamal, manajan sashen kaya, ya ɗaga wani maɗauri da ya koma sumul, ya ce, "Habibi, wannan allo ne, ba gasasshen nama ba."

Direbobi suka yi ta dariya, suka kwana biyu suna kiransa Mai Suya. Ya kwashe matattun maɗauran ya zauna da su yana nazari. Ya gane ruwa da buroshin haƙori su ne maganin yashi, ba mai ba. Ya gane rana ta fi yashi ɓarna: maɗaurin da aka bari a saman mota yakan yi toka-toka, daga nan sai karyewa. Ya gane wurin da roba ta fi saurin mutuwa shi ne gindin maɗauri, daf da ramin sukuru. Abin da ya fi tsoratar da shi kuma shi ne, in maɗaurin ƙafa ɗaya ya tsinke, ɗayar tana nan a ɗaure. Allon sai ya juya da ita, gwiwa ta bi shi.

Sai ya koma ga ƙa'idar rumfa. Kowace safiya, kafin a loda motoci, yakan bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya ya lanƙwasa su baya, ya duba wurin lanƙwasar. Wanda ya yi farin layi ya cire. Wanda ya dawo daidai ya huda bakinsa da basilla ya yi masa ɗinki uku da jan zare. Ya yi faɗa da direbobi a kan ɗora alluna a rana har suka gaji suka riƙa sa su a cikin mota. A hankali abin ya zama doka ba tare da kowa ya rubuta ta ba: allon da ba jan zare ba ya shiga mota. Shekara bakwai yana wannan aiki, maɗauri bai taɓa tsinkewa a ƙafar kowa ba.

A shekara ta takwas, farkon watan Disamba, lokacin da sanyi ya sauko baƙi suka yi yawa, kamfanin ya ƙaro alluna goma. Maɗauransu sun tsufa, ana neman sababbi guda arba'in. Waɗanda aka saba sayowa sai sun yi mako uku a hanya. Alhaji Zailani ya ji labari, ya ce ai yana da su a sito.

Da kansa ya kawo kwalin, cikin farar shadda da ƙamshin turare. Ya ajiye a gaban Mijinyawa, Kamal yana tsaye.

"Baduku, ga kaya na kawo maka har gida," in ji shi. "Sababbi fil a leda, ko hannu bai taɓa su ba. Ko sai ka ɗanɗana tukuna?"

"Haba Alhaji, ranka ya daɗe. Kayanka ne fa."

Hannun Mijinyawa ya riga ya ɗauki ɗaya, babban yatsansa ya hau gindin maɗaurin. Sai ya ga Alhaji yana kallonsa da murmushi. Mutumin da ya ɗauko ka daga rumfar da ta mutu, ya kawo maka kaya da hannunsa, a gaban baƙon ido, ka hau gwadawa kamar wanda ya kama ɓarawo? Ya janye yatsan. Kuma dai sababbi ne, suna sheƙi. Ya ɗaura su a ranar, ya bi su da jan zare, duk arba'in ɗin, ko ɗaya bai lanƙwasa ba. Washegari ma bai lanƙwasa ba. Sabon abu ai sai ya yi wata kafin a fara zarginsa.

Kwana na uku da la'asar, a kan wani tudun jan yashi, yana durƙushe yana ɗaure wa baƙi ƙafa, sai ya ji ana Hausa a bayansa. 'Yan mata ne ɗalibai, sun zo hutun ƙarshen zango. Ɗaya daga cikinsu, Muhsinat, tana karatun haɗa magunguna, ta tsaya tana leƙen gangaren tana ja da baya.

"'Yata, daga ina?" ya tambaye ta.

Ta juyo da mamaki. "Kawu, Bahaushe ne kai? Wallahi na ɗauka ɗan Sudan ne. Daga Zariya."

"To Zage-zagi da tsoro? Miƙo ƙafar."

"Kawu, in abin nan ya kwance fa?"

Ya ja makullin har ya ciji haƙori, ya nuna mata bakin maɗaurin. "Kin ga jan zaren nan? Ni na sa shi. In dai kin gan shi, ki sauka hankalinki kwance."

Ta yi bisimilla ta gangara. Ta kai tsakiyar tudun tana dariya. Daga inda yake ya ji ƙarar, ɗan "ƙas" kaɗan, irin ta busasshen kara. Ƙafar dama ta fita. Allon ya kafe a yashi ya juya da ta hagu, yarinyar ta bi shi.

Kafin ya gangara ta daina ihu, sai numfashi take ja da baki. Ya kwance mata ɗayar ƙafar. Guntun maɗaurin yana gefe a yashi, ya karye daidai gindi, jan zaren yana reto a bakinsa. Ya ɗauka ya sa a aljihu.

Washegari da sassafe ya hau mota zuwa Ras Al Khor, ya wuce layin masu kayan gyaran mota ya isa siton Alhaji. Mai gadin ya san shi, ya bar shi ya shiga. Ya tambayi inda kwalin ya fito, aka nuna masa can saman tarin kaya, daf da rufin kwano. Ko a Disamba wurin da ɗumi. A watan Agusta kuwa, in ji mai gadin, ba mai iya hawa can da rana. Kayan wani ne da ya yi odarsu bai zo ya ɗauka ba. Tun yaushe? Mai gadin ya ce shi dai shekararsa tara a nan, a nan ya tarar da su.

Zafi tara ke nan, da gumin teku, a ƙarƙashin kwano. Ledar ta tsare musu sheƙi, cikin kuwa ya riga ya mutu.

Daga nan ya wuce asibiti. An yi wa gwiwar aiki, likitoci sun ce sai ta yi watanni kafin ta taka sosai, zangon karatu na gaba kuma ya tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ita ta hango shi.

"Kawu, shigo mana. Ina kwana?"

"Ya jiki, 'yata?"

"Da sauƙi." Sai ta ƙara da wata magana. Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce kawai. "Kawu, ba ka ce in na ga jan zare ba?"

Ya yi mata addu'a ya fita. A cikin lif ya ga fuskarsa a madubi ya kau da kai.

Ƙarfe ɗaya na rana ya isa harabar kamfanin. Allunan goma suna jingine a bango cikin inuwa, an sake jera su za a loda, har wanda ya kayar da yarinyar, an yi masa ciko da wani tsohon maɗauri. Alhaji Zailani yana ofishin Kamal suna shan shayi. Aka kira Mijinyawa.

Kamal ya tura masa takarda. Rahoton hatsari ne, an riga an cike shi: baƙuwa ba ta tsaya an gama ɗaure mata ƙafa ba. Saura sa hannun mai kula da kaya.

"Ni na ɗaure mata," in ji Mijinyawa. "Har haƙori na ƙarshe. Maɗaurin ne ya karye, sauran talatin da taran ma haka suke. A cire su."

"A cire a sa me?" in ji Kamal. "Mota goma sha biyu za su fita yau. Na kirki sai bayan mako uku. Ɗaya ya karye cikin arba'in, yana faruwa. Shwaiya shwaiya, habibi, bi a hankali. Sa hannu, kalas, magana ta ƙare."

Alhaji ya ajiye kofinsa ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Mijinyawa, zauna."

"A tsaye ma ya isa, Alhaji."

"Ƙaddara ce ta faɗa wa yarinyar nan. Na yi waya da mahaifinta, mutumin kirki, ya ce ya bar wa Allah. Kai kuma mene ne naka? So kake ka tona mini asiri a gaban mutanen da nake hulɗa da su?"

"Alhaji, ka san shekarar da kwalin nan ya yi a ƙarƙashin kwano?"

"Roba ce. Roba tana ruɓewa ne? Tumatir ce?"

"Tana mutuwa, ranka ya daɗe."

"To kai da ka san haka, me ya hana ka dubawa? Zaren wa ke jiki, nawa?"

Nan maganar ta same shi, don gaskiya ce.

"Kunyarka na ji," ya ce. "Kana tsaye a kaina kana murmushi, na ji kunyar in gwada kayanka. Kunyar nan ce take kwance a asibiti yanzu da ƙarfe a gwiwa."

"Ka ji butulci," in ji Alhaji, yana duban Kamal kamar shi ma yana jin Hausa. "Na tsamo ka kana korar ƙuda a rumfa. Ka tuna fa bizarka a hannun mutanen nan take. 'Ya'yanka huɗu. Ka sa hannu ka je ka yi aikinka, Baduku."

Mijinyawa ya dubi takardar, ya dubi biron. Ya san abin da zai biyo baya in ya ƙi: a soke biza, a ba shi 'yan kwanakin da hukuma take ba mutum ya sami wani aiki ko ya fita, shi kuwa mai shekara arba'in da takwas da basilla. Ya san kuma in ya ƙi sa hannu kawai ya tafi, allunan za su shiga mota ƙarfe biyu, direbobi za su ga jan zare su loda, wani zai durƙusa ya ce wa wata ta sauka hankalinta kwance.

Ya ajiye biron ya fita. Ta taga suka ga ya nufi bango.

Ya kama maɗaurin farko da yatsa biyu, ya lanƙwasa shi baya kamar yadda ya kamata ya yi tun ranar farko. Ƙas. Ya jefar da guntun a tsakar harabar. Na biyu, ƙas. Na uku ya yi farin layi, ya ƙara dannawa, ya rabe. Bai yi amfani da wuƙa ba, bai ɗauki filaya ba. Yana so kowa ya ga da yatsu ne. Direbobi suka bar motocinsu suka matso. Wani daga cikinsu ya sunkuya ya ɗauki guntu, ya gwada da nasa hannun, ya dubi ɗan'uwansa.

Kamal ya fito da gudu yana kiran masu gadi. Alhaji yana bayansa yana cewa, "Kai, ka haukace ne? Mijinyawa, da kai nake."

"Sababbi ne fil, Alhaji," in ji shi, bai juyo ba. Ƙas. "A leda." Ƙas. "Ko hannu bai taɓa su ba."

Yana kan allo na tara masu gadi biyu suka riƙe masa hannuwa ta baya. Bai yi kokawa ba. Idonsa yana kan abin da ya rage.

A takardar sallama an rubuta cewa ya lalata kayan kamfani da gangan. Rahoton hatsarin kuwa wani ya sa masa hannu. Aka soke bizar cikin mako. A masallacin da 'yan Kano suke haɗuwa a Deira, Alhaji Zailani ya daina amsa masa sallama, wasu dattawa kuma suka same shi suka ce ya je ya ba da haƙuri, komai laifin babba ba a yi masa haka a bainar jama'a. Ya ce zai je ranar da Alhaji ya je ya ba Muhsinat haƙuri da bakinsa, ba ta waya da mahaifinta ba. Ba wanda ya sake tayar masa da maganar. Matarsa Ramlat ta yi kuka a waya, daga baya ta ce ya dawo, rumfar tana nan ba ta tashi ba.

Lokacin da na same shi saura masa kwana goma sha ɗaya a ƙasar. Yana zaune a bakin hawan ƙasa na gadonsu mai hawa biyu yana gyara hannun wata jakar 'yan kasuwa da ta tsinke, irin aikin da yake ɗan samu a otal-otal na Deira kafin ranar tafiya. Na lura da baƙin zare yake ɗinkin. Ƙullin jan yana cikin gwangwanin kayan aikinsa, bai taɓa shi ba. Duk tsawon labarin muryarsa ba ta tashi ba, sai dai in ya zo kan sunan Alhaji yakan ja zaren da ƙarfin da ya wuce bukatar jakar.

Na tattara guntayen da na karya na miƙa masa. Sannan na tambaye shi ko yana nadamar abin da ya yi a harabar nan, tunda ya ci masa aikin shekara takwas.

Ya ciji zaren ya tsinke shi.

"Ina yi," ya ce. "Na tsaya jefar da guntayen ina so su gani, na ɓata lokaci. Talatin da biyu na karya. Bakwai sun rage, an haɗa su a allo biyu, jiya direba ya gaya mini suna fita kullum. Da jan zarena a jikinsu."